Wahala Kaɗai Ba Ta Girmar da Mai Bi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu wa'azi a ikilisiyoyinmu, wato cewa duk wanda ya shiga wahala zai fito daga cikinta da bangaskiya mai ƙarfi. Ana yawan kafa hujja da wasiƙar Yakubu sura 1, inda aka ce mu ɗauki gwaje-gwaje iri iri abin farin ciki domin gwajin bangaskiya yana haifar da jimiri, da kuma Romawa sura 5, inda Manzo Bulus ya jera wahala da jimiri da ingantaccen hali da sa zuciya, kowanne yana haifar da na gabansa. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayoyi. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke faɗarsu kamar abin yana faruwa da kansa, kamar da zarar mutum ya rasa gida ko ɗa ko lafiya, to, girma cikin ruhu ya riga ya tabbata gare shi, sai dai ya zauna ya jira. Wanda ya zauna da mutanen da masifa ta auka wa ya san ba haka abin yake ba.

Littafi Mai Tsarki da kansa bai ɓoye mana wannan ba. A littafin Tarihi na biyu sura 28 an ba da labarin Ahaz sarkin Yahuza, wanda abokan gaba suka matsa masa ta kowane gefe, aka kuma rubuta cewa a lokacin wahalarsa sai ya ƙara yi wa Ubangiji rashin aminci, har ya koma miƙa hadaya ga gumakan Dimashƙu, yana ganin tun da su ne suka taimaki waɗanda suka ci shi da yaƙi, shi ma za su taimake shi. Surori biyar bayan haka sai ga jikansa Manassa, wanda ya fi shi mugunta nesa ba kusa ba, Assuriyawa sun ɗaure shi da sarƙoƙi sun kai shi Babila, kuma a cikin wannan ƙunci ne ya ƙasƙantar da kansa ya nemi Allahn kakanninsa. Gida ɗaya ne, sarauta ɗaya, dukansu kuma sun ɗanɗana azaba, amma ɗaya ya taurare, ɗaya ya tuba. Saboda haka tambayar da ta dame ni ita ce, me ke sa wahala ta zama hanyar girma ga wani, ta zama sanadin lalacewar wani?

Mu da muke arewa maso gabashin Nijeriya ba daga littafi muka koyi wannan tambaya ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan iyalan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN. A watan Agusta na wannan shekara Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, a Satumba Michika ta bi, sannan a ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedkwatar EYN da makarantar horar da fastoci ta Kulp a Kwarhi. Shugabannin ikilisiyar suka koma Jos da zama. Jama'a kuwa suka watsu, wasu suka bi duwatsu suka tsallaka Kamaru har sansanin Minawao, wasu suka yi ta tafiya a ƙasa cikin daji zuwa Yola. Ikilisiyar da aka fara sujadarta ta farko a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris 1923 ta wayi gari, bayan shekara 91, tana sake yin sujada a gindin itatuwa, saboda an ƙone majami'unta masu yawan gaske. Ba Kirista kaɗai abin ya shafa ba, domin Musulmi ma an kashe su an kore su daga garuruwansu, har Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, an kashe shi a hanya a watan Mayu na wannan shekarar.

A Jimeta, a waɗancan watanni, da wuya ka sami gidan ɗan Michika ko Madagali ko Hong da ba a cika shi maƙil da baƙi ba. Maza suna kwana a tsakar gida a kan tabarmi da buhunan da aka farke, mata da yara suna cunkushe a ɗakuna, tukunyar da aka saba dafa wa mutum shida ana ɗora ta sau uku a wuni kuma ba ta isa. Da asuba za ka ji ana rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi a wani gida, a gidan da ke kusa da shi kuwa rigima ce ta kaure a kan mudun masara. Shekaru sun wuce yanzu, kuma na ga inda mutane da dama daga cikinsu suka ƙare. Akwai waɗanda a da zuwa sujada kawai suke yi don al'ada, yau su ne ginshiƙan ikilisiya, masu taushin zuciya, masu saurin jin ƙan wanda ke cikin damuwa. Akwai kuma waɗanda a da dattawa ne masu riƙe da aiki a majami'a, yau giya ta cinye su, ko kuwa suna nan suna zuwa sujada amma zuciyarsu cike take da ƙiyayya, ba ka isa ka ambaci Musulmi a gabansu ba tare da fuskarsu ta canza ba. Ba ina faɗin wannan don in hukunta su ba, gama abin da idanunsu suka gani ya isa ya karya kowa. Ina faɗa ne domin mu daina yi wa mutane alkawarin da Allah bai yi ba.

Abu na farko da na lura da shi a wurin waɗanda suka girma shi ne cewa ba su ɓoye wa Allah ɓacin ransu ba. A al'adarmu, da zarar mutum ya fara kuka sai mu rufe shi da "yi haƙuri, haka Allah ya so," kuma sau da yawa muna faɗin haka ne don kukansa ya dame mu, muna so ya yi shiru. Na taɓa halartar wani taron addu'a na zumuntar mata a wani ajin makarantar firamare da 'yan gudun hijira suka mayar wurin sujada, an ture bencina gefe, an jingina tulun kiɗa da gora a bango ba wanda ya taɓa su. Wata tsohuwa da aka kashe 'ya'yanta maza biyu ta miƙe za ta yi addu'a, maimakon godiyar da aka saba farawa da ita sai ta ce, "Ya Uba, ina kake ranar da suka zo? Na yi maka hidima tun ina yarinya, me na yi maka?" Wani matashin mai bishara da ke zaune kusa da ni ya yunƙura zai tsayar da ita, sai matar fasto ta kama hannun rigarsa ta ce masa a hankali, "Ɗana, bar Mama ta gama magana da Ubanta." Tsohuwar ta daɗe tana yi, tana kuka, tana kiran sunayen 'ya'yanta, daga ƙarshe ta zauna ba tare da ta ce amin ba. Wannan mata ita ce daga baya ta riƙa bi gida gida tana zama da gwaurayen da aka kashe mazansu.

Mai bisharan nan bai yi laifi da gangan ba, abin da aka koya masa ke nan. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura makoki ne. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta yabo a ƙarshenta, amma duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai littafi guda sukutum da ake kira Makoki, wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima, kuma ayoyin nan da muke ƙauna game da jinƙan Ubangiji da ke sabuntawa kowace safiya suna tsakiyar sura 3 ne, bayan marubucin ya gama cewa Allah ya toshe masa hanya ya ƙi jin addu'arsa. Mu kan tsinko ayoyin ta'aziyyar mu rubuta a kalanda, mu watsar da kukan da ya haife su. Ubangiji Yesu kansa, a kan gicciye, da kalmomin Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar dalilin da ya sa aka yashe shi. Mai makoki yana nan yana magana da Allah, ko da maganar tana da ɗaci, kuma wanda na fi ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya haɗiye komai, domin irin wannan shiru ne ke zama tushen ɗacin rai da Ibraniyawa sura 12 ta gargaɗe mu a kansa, wanda idan ya tsiro yakan ƙazantar da mutane da yawa.

Abokan Ayuba sun fi yin amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki sai suka ɓata komai, domin sun nace lalle akwai zunubin da ya jawo masa wannan, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce da Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, Ayuban nan da ya la'anta ranar haihuwarsa. Mun sami irin waɗannan abokai a 2014. An yi wa'azi a wasu wurare cewa zunubin ikilisiya ne ya jawo Boko Haram, ana faɗin haka a gaban mata da ba su san inda gawar mazansu take ba. Tuba wajibi ne a kowane lokaci, amma wanda ya ce ya san dalilin da ya sa aka ƙone ƙauyen wani aka bar nasa, ya ɗauki matsayin da ba a ba shi ba.

Abu na biyu shi ne zumunci, kuma a ganina wannan ya fi komai tasiri. Matan karkara sun san cewa idan za a yi surfe sai an yayyafa wa hatsi ruwa, in ba haka ba taɓarya za ta farfasa tsabar maimakon ta fitar da dusa. Kulawar 'yan'uwa ita ce wannan ruwa ga mutumin da wahala take daka. Kusan duk wanda na sani da ya fito daga waɗancan shekaru da bangaskiya mai rai, idan ka bi labarinsa za ka tarar akwai wani da ya ba shi ɗaki, ko wata da ta riƙa kawo masa kunu, ko wani fasto da shi ma ɗan gudun hijira ne amma yana yawo da kekensa yana neman tumakinsa da suka watse. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ga dubban mutanen da suka gudo, ba a tambayi kowa ɗariƙarsa ko addininsa a bakin ƙofa ba. Da aka ga wasu ba su da inda za su koma, sai aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe su a 2021, tare da makaranta da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kirista sun yi gunaguni a kan masallacin nan, kuma na fahimci zafin da ke bayan gunagunin, amma ni ina ganinsa ɗaya daga cikin manyan alamun cewa tsananin bai cinye zuciyar ikilisiya ba. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa a Asiya an matsa musu har sun fid da zuciya ga rayuwa, ya kuma ce Allah yana ta'azantar da mu ne domin mu iya ta'azantar da waɗansu da irin ta'aziyyar da muka samu.

Akwai kuma batun ci gaba da aikin yau da kullum, wanda ba a cika ɗaukarsa abin ruhaniya ba. Sa'ad da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, wani annabi mai suna Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Irmiya kuwa ya aika musu da wasiƙa ya ce shekara saba'in ce, saboda haka su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi addu'a domin zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta. Ayar nan ta Irmiya 29:11, game da shirin alheri da Allah yake da shi dominmu, wadda ake rubutawa a bayan keke napep da katin biki, a cikin wannan wasiƙa take, kuma an faɗe ta ne ga mutanen da yawancinsu ba za su ga ƙarshen shekara saba'in ɗin ba. Waɗanda suka karɓi aron gona a Nasarawa ko Taraba suka yi shuka da damina ta fari, suka sa 'ya'yansu a makaranta, suka kafa sujada a inda suka sami kansu, sun fi saurin farfaɗowa a kan waɗanda suka zauna suna bin masu annabci daga wannan taro zuwa wancan, ana karɓar 'yan kuɗin da suka rage musu da sunan shuka iri, ana yi musu alkawarin cewa wata mai zuwa wahalarsu za ta ƙare. Idan watan ya zo ya wuce ba abin da ya canza, sai mutum ya ɗauka ko Allah ya yi ƙarya ko bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, kuma kowanne daga cikin biyun guba ne. Irin wannan wa'azi ba shi da abin da zai ce game da ƙayar da Bulus ya roƙa sau uku a cire masa aka ƙi, aka ce masa alheri ya ishe shi.

Duk lokacin da nake tunanin yadda bangaskiyar da ta nuna take, Rabaran Lawan Andimi nake tunawa, fasto na EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda aka sace a farkon Janairu 2020 aka kashe kafin watan ya ƙare. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, ya roƙi a nemi hanyar sakinsa, ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, idan an ba shi dama zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, idan kuma ba a ba shi ba, to, wataƙila nufin Allah ke nan. Bai yi alfahari ba, bai zagi kowa ba, bai kuma yi kamar ba ya son rayuwa ba. Irin wannan natsuwa ba a ranar ake samunta ba. Mutum ne da ya riga ya zauna da jama'arsa cikin shekarun da suka gabata.

A nan dole in yi gargaɗi, kada wani ya ɗauka ina yabon wahala. Kisan Rabaran Andimi mugunta ne, sace 'yan matan Chibok da Leah Sharibu ta Dapchi mugunta ne, kuma cewa Allah yana iya fitar da alheri daga mugunta bai mayar da ita alheri ba. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa a fili cewa su mugunta suka nufa, kafin ya ce Allah ya nufe shi da alheri. Haka kuma jimiri bai hana neman hakki ba. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da shi, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ikilisiyar da ke koya wa mutanenta haƙuri amma ba ta buɗe baki ta tambayi gwamnati dalilin da ya sa aka bar ƙauyuka ba tsaro, ta bar rabin aikinta.

Wurin da ya fi wuya, inda har yanzu muke fama, shi ne gafara. EYN ta gaji koyarwar ƙin ramuwa daga ikilisiyar 'yan'uwa ta Amurka da ta kafa ta, kuma an gwada wannan koyarwa iyakar gwaji, domin matasa da yawa sun tambayi fastocinsu har yaushe za a riƙa juya ɗaya kumatun. An yi tarukan warkar da raunin zuciya a sansanoni da ƙauyuka, inda mutane suka zauna kwanaki suna faɗin abin da ya same su, wasu kuma suka kai ga furta cewa sun yafe. Sai dai yafe wa wanda ba ka gani ba daban yake da yafe wa maƙwabcin da ya nuna gidanka, ko wanda ka dawo ka tarar da ƙofar ɗakinka a jikin nasa ɗakin. Tun da gwamnati ta fara shirin karɓar tubabbun 'yan Boko Haram a 2016, ana horar da su a sansanin Malam Sidi a jihar Gombe ana mayar da su cikin jama'a, tambayar ta tashi daga takarda ta shigo kasuwa da bakin rijiya. Mata da yawa suna cewa an kula da wanda ya yi kisa fiye da wadda aka mayar gwauruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Ikilisiyar farko ta sha irin wannan. Shawulu, wanda daga baya aka san shi da Bulus, ya shiga gida gida a Urushalima yana jan maza da mata zuwa kurkuku, kuma da Ubangiji ya aiki wani almajiri mai suna Hananiya wurinsa a Dimashƙu, sai da Hananiya ya fara kawo ƙorafi game da irin ɓarnar da mutumin ya yi, kafin ya tafi ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa. Da Shawulu ya zo Urushalima daga baya, almajirai duka suka ji tsoronsa, ba su gaskata ya tuba ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa a gaban manzanni. Littafin Ayyukan Manzanni bai zarge su da rashin bangaskiya saboda wannan tsoro ba, kuma bisa ga wasiƙar Galatiyawa, shekara uku ce ta wuce tsakanin tubarsa da wannan ziyara. Saboda haka ba na goyon bayan fastocin da ke tilasta wa gwauruwa ta furta gafara a gaban jama'a ranar Lahadi don a sami shaida mai daɗin ji. A ba ta lokaci, a biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, a tsaya mata a kan gonar mijinta idan dangi suna neman ƙwacewa, a kuma bar wa waɗanda Allah ya ba zuciya irin ta Barnaba aikin zama da tubabbun, su bincika su ga ko tuban na gaskiya ne kafin a ce kowa ya buɗe musu ƙofa.